Kurakuran da masu talla ta waya suka fi yi, da yadda za a gyara su

Jama'a, yawancin masu sayar da atamfa, turare, takalma da kayan kicin a Instagram da Facebook suna kashe kuɗin talla ne ba tare da sanin ko kuɗin na dawowa ba, kuma wallahi abin na damuna saboda kuɗin nan da gumi aka same su. Mutum zai danna Boost, maɓallin da ake biya don a ƙara nuna fost ga mutane, gobe ya tashi ya ga laik ɗari uku ya ce talla ta yi kyau. Laik ba ciniki ba ne. Abin da za ka ƙirga shi ne mutum nawa suka yi magana, cikinsu nawa suka tambayi kuɗi, nawa suka tura alat. A ce ka kashe dubu 20 mutum 40 suka shigo WhatsApp amma 4 kawai suka biya, to kowane kwastoma ya ci maka dubu 5 kenan, in ribar da kake samu a kan kaya ɗaya ba ta kai haka ba to asara kake yi ko da kuwa hoton ya zaga Kano da Kaduna gaba ɗaya.

Gyaran wannan yana farawa ne tun wajen zaɓen manufar talla. Facebook na nemo maka irin mutanen da ka ce ka na so ne, in ka zaɓi masu laik zai kawo maka masu laik, in ka zaɓi masu turo saƙo zai nemo waɗanda suka saba tura saƙo. Don haka ka shiga Ads Manager, wurin da ake tsara talla a Facebook, ka zaɓi saƙo ko sayayya, sannan ka taƙaita wurin zuwa inda za ka iya kai kaya, ba ka ce Najeriya duka alhali mai babur ɗinka bai wuce Zoo Road da Hotoro ba. Kuma a daina taɓa talla kullum, yau a canza hoto gobe a canza kuɗi, duk babban canjin da ka yi tsarin Facebook ɗin sai ya koma koyon waɗanda zai nuna wa tallar daga farko. Ka bar ta ta yi kamar mako guda tukun.

Kuskure na biyu kuma wanda ya fi yawa, linki ɗaya ake watsawa ko'ina, a status, a TikTok, a guruf, a SMS, ƙarshen wata a rasa gane ta ina masu saye suka zo. In kana da shafin intanet, Google na da wani abu kyauta mai suna Campaign URL Builder, zai liƙa wa linkinka alamar UTM mai nuna daga ina mutum ya fito, sai ka ga komai a Google Analytics, wato abin Google da ke ƙirga masu shiga shafinka. Amma ka tsaya kan rubutu iri ɗaya da ƙananan baƙaƙe, don in ka rubuta Facebook yau gobe ka rubuta facebook zai raba su gida biyu. In ba ka da shafi WhatsApp kawai kake, ka yi linkin wa.me mai ɗauke da saƙon da aka riga aka rubuta, na TikTok ya ce “na gani a TikTok”, na Instagram ma nasa daban, sannan ka yi amfani da lebul na WhatsApp Business kana ware wanda ya tambaya da wanda ya biya.

Kan Analytics ɗin ma akwai masu bin tsofaffin bidiyo na koyarwa, su sani tsohon Universal Analytics ya daina karɓar bayanai tun 1 ga Yuli 2023, yanzu sabonsa mai suna GA4 ake yi. Kuma sakawa kawai bai isa ba, sai ka gaya masa abin da kake ɗauka nasara, misali danna maɓallin WhatsApp ko kammala biya, in ba haka ba yawan maziyarta kawai zai riƙa nuna maka, kuma cikinsu har da kai da yaranka na shago da kuke buɗe shafin sau goma a rana, ku cire kanku daga lissafin.

Sai maganar nauyin shafi. Mai haɗa shafi ya gwada a kwamfutarsa da wayfay mai ƙarfi ya ce komai lafiya, alhali kwastoma na riƙe da itel ko Tecno, netwok na hawa yana sauka, datarsa saura kaɗan. Hoto ɗaya da aka ɗauka da waya aka ɗora kai tsaye zai iya kai megabait uku ko huɗu, a jera ashirin a shafi ɗaya, waye zai tsaya jira? Ka saka adireshin shafin a PageSpeed Insights, abin Google na gwada saurin shafi, ka duba ɓangaren waya, ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. A rage girman hotuna a mayar da su WebP, wani nau'in hoto mara nauyi, sannan ka ari ƙaramar waya ka kashe wayfay ka yi oda da kanka tun daga farko har biya.

Masu manhaja kuma suna murna da yawan saukewa. Tambayar ita ce nawa suka dawo washegari, nawa bayan kwana 7, nawa bayan 30, Firebase, kayan aikin Google na masu manhaja, zai nuna maka wannan kyauta. Ka kuma leƙa Android vitals, ɓangaren da ke nuna lafiyar manhaja a Play Console, wurin da masu manhaja ke kula da ita a Play Store, in masu amfani da manhajar ta mutu musu a rana suka wuce kashi 1.09 cikin ɗari Google na iya rage nuna ta a Play Store, kai kana can kana ƙara kuɗin talla.

SMS ma akwai tarko da ya shafe mu kai tsaye. Saƙo ɗaya harafi 160 ne, amma da zarar ka saka ƙ ko ɗ ko ɓ ko emoji sai ya koma 70, saƙon da ka zaci guda ne a caje ka kuɗin biyu ko uku a kan kowace lamba, ka duba ƙirgen kafin ka tura wa mutum dubu. Kuma don Allah a daina sayen jerin lambobin mutane, da yawa sun kunna DND, wato toshe saƙonnin talla, ta lambar 2442, saƙon ba zai ma shiga ba, ga dokar kare bayanai ta 2023 da ke buƙatar yardar mutum. Burodkas na WhatsApp, wato tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa a lokaci guda, shi ma mutum 256 yake ɗauka kuma sai wanda ya ajiye lambarka zai samu, don haka duk wanda ya saya ka roƙe shi ya yi sabin lambarka a nan take, ka kuma tambaye shi ko ya yarda ka riƙa turo masa sabbin kaya.