Yadda ake komawa ƙaramin jirgin sama mara nauyi a Zariya

Matuƙin da yake son barin jirginsa mai kujeru huɗu ya koma ƙaramin jirgi mai kujeru biyu, irin wanda dokar Amurka ta 2004 ta taƙaita nauyinsa a kilo 600, ya kamata ya nemo makaniki kafin ya nemo jirgin. A Zariya akwai Kwalejin Fasahar Jiragen Sama tun 1964, kuma tana horar da injiniyoyi, amma wajibi ne ya tabbatar cewa wanda zai taɓa masa jirgi yana da lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, kuma ya san injin Rotax 912 da yawancin waɗannan jirage suke amfani da shi.

Daga nan sai batun mai. Wannan inji yana shan fetur na mota mai kyau, wanda babban sauƙi ne a inda man jirgi yake wahalar samu, sai dai dole a tace shi, a kuma duba ko akwai ruwa a ciki kafin kowane tashi.

Kayan gyara su ne suka fi ba da wahala, domin daga waje ake odarsu, kuma sukan ɗauki makonni kafin su iso. A ganina gara a ajiye matatar mai, fulogi da matatar iska tun ranar saye, musamman saboda ƙurar hunturu, sannan a tuna cewa ana sauya robobin injin duk bayan shekara 5.

Kafin biyan kuɗi, a karanta littafin tarihin gyaran jirgin shafi bayan shafi tare da makanikin.