Yadda Za Ku Taimaki Yaro da Aikin Gida Ba Tare da Kun Yi Masa Aikin Ba

A gidaje da dama na Kaduna, daga Rigasa har Kawo, sai an dawo daga Islamiyya an ci tuwo ake fito da jakar makaranta, kuma abin da ke biyo baya bai cika wuce abu biyu ba. Ko dai babba ya karɓi fensir ya rubuta amsoshin don kowa ya huta, ko kuma ya tsaya a kan yaro da tsawa har hawaye ya jiƙa littafi. Ko ta wace hanya aka bi, aikin zai ƙare, malami zai sa maki da jan biro washegari, amma yaron bai ƙaru da komai ba. Hanyar da za a bayyana a nan ba ta buƙatar kuɗin lesin. Abin da take nema shi ne minti 20 na zama da haƙurin yin magana da yaro.

Matakin farko shi ne ku gano inda yaron ya tsaya. Masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934 yana da shekara 37, ya bambance tsakanin abin da yaro zai iya yi shi kaɗai da abin da zai iya yi idan wanda ya fi shi sani ya ɗan kama masa. A ganinsa, a cikin tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ne koyo yake faruwa, domin abin da yaro ya yi yau da taimako, shi ne zai yi gobe da kansa. Saboda haka kada ku fara da bayani. Ku ba shi tambaya ɗaya daga cikin aikin, ku ce ya yi kuna kallo, kuma ya riƙa faɗin abin da yake yi da baki. Idan ya wuce ba gargada, ku matsa gaba. Idan ko da taimako bai san inda aka dosa ba, ku ja da baya zuwa darasin da ya gabata, ko da kuwa na ajin bara ne.

Ga misali daga lissafin aji 2 ko 3 na firamare. An ce yarinya ta cire 27 daga 52, sai ta rubuta 35. Wannan amsa ba ta ka ba ce. Yarinyar tana bin wata ƙa'ida da ta ƙirƙira wa kanta, wato a kowane layi a cire ƙaramin adadi daga babba: 7 a cire 2 saura 5, sannan 5 a cire 2 saura 3. Wanda ya ce mata kawai “ba daidai ba ne, 25 ne” ya gyara amsa ɗaya, ya bar ƙa'idar a kanta tana jiran tambaya ta gaba. Abin da ya fi shi ne mahaifiya ta samo tsinken tsintsiya, su ɗaure goma-goma da zare har ɗauri 5, a ajiye tsinke 2 a gefe.

“To, ba ni ashirin da bakwai daga ciki.”

“Umma, guda biyu ne kawai a kwance, ba za su kai bakwai ba.”

“Haka ne. To, ina za ki samo sauran?”

A nan ne ake son mahaifiya ta kame bakinta. Nan da ɗan lokaci hannun yarinyar zai kai kan ɗauri ɗaya ta kwance shi, tsinkaye su zama 12, kuma a lokacin ne “aro” da malami yake ta faɗa a aji zai zama abin da ta taɓa da hannunta. Sai bayan haka a koma kan takarda, a nuna mata cewa soke 5 a rubuta 4 shi ne kwance ɗaurin nan da ta yi. Idan da Turanci ake koyarwa a makarantarsu, ku yi duk wannan bayani da Hausa tukuna, sannan ku ɗora kalmomin Turancin a kan abin da ya riga ya zauna.

Amfani da tsinke ko marfin kwalba ba raina hankalin yaro ba ne. Jean Piaget, masani ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa tunanin yara ya sha bamban da na manya, kuma kuna iya gwada ɗaya daga cikin gwaje-gwajensa a tsakar gida. Ku zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu iri ɗaya, sannan ku juye na ɗaya a cikin dogon kofi siriri a kan idon yaro. Ɗan shekara 4 ko 5 yawanci zai ce ruwan dogon kofin ya fi yawa, kuma sai wajen shekara 7 yake fara gane cewa ruwan bai ƙaru ba. Yaron da ke wannan mataki yana fahimtar abin da yake gani yake taɓawa tun kafin ya fahimci alamomin da ke kan allo.

Mataki na gaba, wanda iyaye suka fi mantawa da shi, shi ne janye taimakon. A 1976 masanin halayyar ɗan Adam Jerome Bruner da abokan aikinsa David Wood da Gail Ross suka bayyana yadda ƙwararren mai koyarwa yake riƙe ɓangaren aikin da ya fi ƙarfin yaro, ya bar masa wanda zai iya, sannan ya riƙa sakar masa sauran kaɗan-kaɗan. Telolin Kasuwar Barci sun daɗe da sanin wannan: yaron shago yana farawa da guga da sa maɓalli, daga baya a ba shi kalmasa, kuma almakashi ne abu na ƙarshe da maigida zai miƙa masa a kan shaddar mutane. Haka za ku yi da aikin gida. Tambaya ta farko ku yi ta tare, ta biyu ya yi kuna tuna masa da kalma ɗaya ko biyu, ta uku kuma ku tashi ku ba shi wuri.

Sai batun shiru. Mary Budd Rowe, wata mai bincike a Amurka, ta auna a shekarun 1970 cewa malamai ba sa jiran ɗalibi fiye da kusan daƙiƙa 1 bayan sun yi tambaya, kuma da aka horar da su suka riƙa jira daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana a da suka fara sa baki. A wurinmu abin ya fi haka nauyi, domin mun tarbiyyantar da yaro a kan cewa sunkuyar da kai a gaban babba ladabi ne, yawan tambaya kuma surutu ne. Wannan tarbiyya tana da muhallinta, amma a ganina lokacin karatu ba ya cikinsa. Dole ne uba ya faɗa da bakinsa cewa a wannan zama an yarda a ce “Baba, ban gane ba”, kuma idan yaron ya faɗa, kada fuskar uban ta canza.

Kada kuma ku hana yaro magana shi kaɗai yayin da yake aiki. Vygotsky ya yi bayanin cewa maganar da yaro ke yi da kansa ita ce maganar da manya suka yi da shi a baya, yana amfani da ita don jagorantar hannunsa, kuma sannu a hankali take komawa ciki ta zama tunani. Ke nan tambayoyin da kuke yi masa yau, irin su “me aka tambaye ka?” da “ta yaya za ka tabbatar?”, su ne zai riƙa yi wa kansa a ɗakin jarrabawa. Idan yana da ƙane, ku sa shi ya koya masa abin da ya gane, domin a wajen bayani ne gurbin da ya rage yake fitowa fili.

Yaro yana ɗaukar halinku tare da darasin. A gwajin da masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya yi a Jami'ar Stanford a 1961, yaran da suka kalli babba yana dukan wata 'yar tsana sun fi sauran kwaikwayon dukan da aka bar su da ita, ba tare da an umarce su ba. Idan yayan da aka sa ya koyar yana ranƙwashi yana cewa “daƙiƙi”, to gara a ɗage zaman zuwa lokacin da wani mai sanyin rai zai samu sarari. Yabo ma a yi shi a kan abin da aka gani, kamar a ce “na ga yadda ka sake dubawa kafin ka rubuta”.

Abin da aka koya yau a waiwaye shi gobe, a sake bayan kwana 3, a sake bayan mako, kamar yadda masu hadda ba sa yin ƙari sai sun yi tilawar baya. Tambaya biyu ta isa kowane waiwaye, amma a rufe littafi ya amsa da ka.

Idan an yi makonni ana wannan zama yaro bai motsa ba, ku je ku ga malamin ajinsa da littafin a hannu, ku nuna masa ainihin irin kuskuren da ke maimaituwa. Ku lura kuma ko yana kai littafi dab da fuskarsa, ko yana ƙanƙance ido idan yana kallon nesa, ko kuma sai an maimaita kira yake juyowa. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa tana nan a Mando, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa ma a cikin garin Kaduna take, kuma ya kamata a kai shi a duba kafin a sauya masa makaranta ko a ɗauko malamin lesin.