Koya wa Yara Yaƙin Hitila da Takardun Zamanin: Inda Malamai Ke Kuskure

Malami ya samo kwafin shafin Gaskiya Ta Fi Kwabo na shekarun yaƙi, ya raba wa 'yan aji, ya ce su karanta su ga abin da ya faru. Kuskuren farko ke nan. An fara buga jaridar a Zariya a 1939, a ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka, kuma cikin ayyukanta har da jawo hankalin jama'a su goyi bayan Ingila. Shafin da ke yabon aikin soja kira ne ga samari. Kafin yaro ya karanta layi ɗaya, a rubuta tambayoyi uku a allo: wa ya rubuta, wa ake so ya ji, me ake so ya yi in ya ji? Daga nan sai yara su ja layi ƙarƙashin kowane alkawari da suka gani, sa'an nan su faɗi abin da takardar ta yi shiru a kansa.

Yawan takardu ma na kashe darasi. A minti 40, takarda ɗaya ta isa: layi takwas zuwa goma, yara huɗu ko biyar a rukuni. A bar kwanan wata da sunan wurin da aka samo ta a jikin kwafin, ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa ce da ke Kaduna ko Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna.

Kuskuren da ya fi yin ɓarna shi ne amsa guda ga tambayar yadda aka shiga soja. Wani malami ya ce duk da son ransu suka tafi, wani ya ce duk kama su aka yi. Akwai wanda albashi da kaki suka ja shi, akwai kuma wanda dagaci ya miƙa don cika adadin da aka ɗora wa hakimi. Gyaran shi ne a ajiye shaida biyu gefe da gefe, sanarwar ɗaukar soja da bayanin tsohon soja ko iyalinsa, yara su nemo inda suka saɓa. Kada malami ya yi saurin raba gardamar.

Sannan a daina tsayawa a ƙasar Bama (Burma, wato Myanmar ta yau) kaɗai. Gaskiya ne runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a can a 1944 da 1945, har sunayen barikin Kalapanzin a Kaduna da Chindit a Zariya daga can suka samo asali. Amma mafi yawan mutane a gida yaƙin ya same su. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka riƙa kwasar talakawa daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ma'adinan Filato har 1944; sanyi da cuta sun kashe da yawa. Gishiri, kananzir da yadi sun yi wuya, an kuma matsa wa manoma su ƙara gyaɗa. Jadawalin farashin kasuwa ko takardar haraji na nuna wannan. A tambayi yara: in an ɗauke maigida ana tsakiyar damina, wa zai yi noman?

Wajen hira da tsofaffi, yara kan sa musu magana a baki: "Kaka, kun sha wahala ko?" A koya musu su ce, "Kaka, me kuke sa wa miya a lokacin?" A nemi izini tukuna, a kuma rubuta ko da idonta ta gani ko labari ta ji, domin wadda take da shekara goma a 1943 yanzu ta haura casa'in.

Hotunan gawarwaki ba na 'yan firamare ba ne. Haka ma bai dace a sa yara su yi fareti da sanduna suna wasan ɗaukar soja ba. Abin yakan koma burgewa, kuma a aji ana iya samun yaron da rikici ya raba da garinsu. Gara su rubuta wasiƙar da mai ɗaki za ta aika wa mijinta da aka ɗauke, bisa abin da suka gani a takardar farashi.