Yadda Ake Tantance Maganganu Kan Makamashi da Sauyin Yanayi

Mai bibiyar labaran makamashi yakan tsinci kansa tsakanin masu cewa man fetur ya kusa ƙarewa, masana'antun duniya za su durƙushe, da masu cewa hasken rana da batura sun riga sun warware matsalar. Ba sai mutum ya zama injiniya ba kafin ya iya auna irin waɗannan maganganu. Ya isa ya riƙe wasu 'yan alƙaluma a ka, ya kuma san tambayar da zai yi wa duk ikirarin da ya ji.

Ka fara da tantance ko lantarki ake magana a kai ko makamashi gaba ɗaya, domin a nan aka fi ruɗa jama'a. Lantarki kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kacal na makamashin da duniya ke amfani da shi, sauran kuwa yana tafiya ne a man motoci da jirage, da wutar da masana'antu ke hurawa, da ɗumama gidaje da girki. Saboda haka idan ka karanta cewa wata ƙasa tana samun rabin lantarkinta daga iska da rana, kada ka ɗauka ta yi rabin tafiya. Har yanzu kwal da man fetur da iskar gas ne ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na makamashin duniya, kuma ana amfani da gangar mai kimanin miliyan 100 a kowace rana.

Sannan ka bambanta ƙarfin tashar lantarki da abin da take samarwa. Megawat yana nuna iyakar abin da tasha za ta iya bayarwa a lokaci guda, ba abin da take bayarwa a shekara ba. Farantan sola ba sa aiki da dare, don haka a shekara sukan samar da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 na cikakken ƙarfinsu, gwargwadon ranar wurin, alhali tashoshin nukiliyar Amurka suna haura kashi 90. Lissafin mai sauƙi ne: ka ninka megawat da awa 8,760 da ke cikin shekara, ka kuma ɗauki wancan kason. Tashar sola mai megawat 100 da ke aiki a kan kashi 20 za ta ba da megawat-awa 175,200, kuma da wannan adadin ya kamata a kwatanta ta da wata tashar.

Tambaya ta gaba ita ce ko sabon makamashin maye gurbin tsohon ya yi, ko ƙari ne kawai a kansa. Gaskiya ne farashin lantarkin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma duk wanda ya raina wannan bai yi adalci ba. Amma a 2023 duniya ta ƙona kwal fiye da tan biliyan 8, wanda ya zarce na kowace shekara kafin lokacin. Tun a 1865 masanin tattalin arziki William Stanley Jevons ya lura cewa da injunan Ingila suka rage cin kwal, sai amfani da kwal ɗin ya ƙaru, domin arha ta jawo sababbin masu bukata.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya ya yi nazari shi ne abubuwan da lantarki bai cika iya yi ba tukuna. Siminti da ƙarfe kowannensu yana fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki. A wajen siminti, fiye da rabin iskar daga dutsen farar ƙasa take fitowa yayin da ake gasa shi, wato ko da an sauya wutar, dutsen zai ci gaba da fitar da tasa. Takin zamani kuma ana haɗa shi ne ta hanyar da Fritz Haber da Carl Bosch suka samar a farkon ƙarni na 20, galibi da iskar gas, kuma abincin kusan rabin mutanen duniya ya dogara da shi. Ga kuma batun nauyi: kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da kusan kilowat-awa 12, kilo ɗaya na batirin litiyum kuwa kusan rubu'in kilowat-awa ɗaya. Ƙaramar mota tana iya jure wannan gibin saboda injin lantarki ba ya asarar ƙarfi kamar injin fetur, amma jirgin sama mai ƙetare teku ba ya iyawa. Duk shirin da bai ce komai a kan waɗannan ba, to, ya tsallake mai wuyar ne.

Masu yanke ranar ƙarewar mai su ma ka yi hattara da su. A 1956 masanin ilimin duwatsun ƙasa M. King Hubbert ya yi hasashen cewa haƙar mai a Amurka za ta kai ƙololuwa wajen 1970, haka kuwa aka yi, sai dai fasahar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ta sa aka zarce wancan adadin a 2018. Tambayar da ta fi amfani ita ce nawa ake kashewa na makamashi kafin a fito da ganga ɗaya, domin rarar da ta saura ita ce al'umma ke rayuwa a kai.

A batun yanayi kuwa, ka ɗauki sararin sama kamar tankin da ake zuba wa ruwa: rage ƙarfin famfo ba ya rage abin da ke ciki, cikar ce kawai take jinkirta. Kafin juyin masana'antu iskar kabon tana kusan kashi 280 cikin miliyan na iskar sararin sama, da masanin kimiyya Charles Keeling ya fara awo a dutsen Mauna Loa da ke Hawaii a 1958 ta kai kusan 315, yanzu ta wuce 420, kuma ana ƙara tan biliyan 37 a shekara daga ƙona mai da kwal da gas. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta nemi a tsayar da ƙarin zafin duniya ƙasa da digiri 2 bisa yadda yake kafin juyin masana'antu, a kuma yi ƙoƙarin tsayawa a 1.5, amma zafin shekarar 2024 ya riga ya taɓa wannan iyakar ta 1.5.

Idan gwamnati ko kamfani ya yi alƙawarin rage hayaƙi, ka duba shekarar da ya ɗauka ma'auni, domin Tarayyar Turai daga 1990 take lissafi, Amurka kuma ta yi nata daga 2005, lokacin da hayaƙinta ke dab da ƙololuwa. Ka kuma bincika ko an haɗa da kayan da ake shigowa da su, tunda ƙasar da ta rufe masana'antar ƙarfenta ta koma sayowa daga waje za ta nuna raguwa a takarda, alhali hayaƙin yana tashi a ƙasar da ta narka mata ƙarfen.