Yadda ake buga golf da manet ɗin Wii, kamar yadda nake koya wa 'yan fadarmu

Na'urar Wii da ke zaurena, ta wasannin talabijin ta kamfanin Nintendo, tsohuwa ce, fara, cikin kayan kwance da ake shigowa da su ta Kwatano na same ta. Don yara na saya, sai ga shi yau shekara huɗu ke nan kusan kowane dare bayan lisha, da zarar shayi ya hau gawayi, mu manya ne ke kewaye ta a nan unguwar Zariya ta Maradi muna buga golf. Babu wanda ya taɓa taka filin golf na gaske a cikinmu. Duk da haka na koya wa mutane da yawa wasan, tun daga 'yata mai shekara tara har kawuna da ke zuwa daga Madarumfa, kuma kowa da kuskure ɗaya yake farawa: ya ɗaga hannu kamar zai faskara itace. Manet, wato rimot ɗin da ake riƙewa a hannu a yi wasan, ba ta san ƙarfin damtse ba. Abin da ke cikinta saurin motsi da karkata yake ji, shi ya sa wanda ya iya auna hannunsa yake cin mai ƙarfi kullum.

Kafin a kai ga bugu akwai abin da zan ja kunne a kai, don ya taɓa cina. Wii ta fito a 2006, kuma wadda aka yi wa kasuwar Amurka da adafta mai ɗaukar wuta 120 take zuwa, mu kuwa tamu 220 ce. Adaftata ta farko ko minti ɗaya ba ta yi a soket ba ta yi ƙauri. Ka juya bayan adaftar ka karanta kafin ka jona. Haka faifai: na'urar Turai ba ta karanta faifan Amurka, saboda haka ka gwada faifan Wii Sports, wanda golf ɗin ke cikinsa, a gaban mai sayarwa kafin kuɗi su bar hannunka. Abin daɗi shi ne ba ta cin wuta, wajen wat 20 ne, ƙaramin sola na gida yana riƙe ta tare da talabijin in an ɗauke kuran.

Siririn sandan da ke zuwa da na'urar, mai doguwar waya, a saman talabijin ko a ƙasanta ake ɗora shi, a tsakiya. Da shi manet ke gane inda kake nunawa a allo. Rana tana rikita shi, in ƙofar zaure na kallon hantsi sai ka saki labule. Manet tana cin pil biyu 'yan madaidaita, kuma in sun fara sanyi za ka ga bugu yana ɓacewa, ka yi lilo mutumin allo na tsaye. Ni masu caji nake sa mata.

Igiyar wuyan hannu kuwa ba na yarda kowa ya buga ba tare da ita ba, ko babba ne. A watan Afrilu, da zafin nan na Maradi, tafin hannu jiƙewa yake. Wani dare manet ta kuɓuce wa ƙanena ta wuce ta gefen kunnen yaron maƙwabci ta daki bango, murfin pil ya yi nasa wuri. Tun ranar doka ce. Kamfanin Nintendo da kansa a Disamba 2006 sai da ya sauya wa mutane igiyoyin farko da masu kauri. Ka dubi sama kuma, ko akwai fanka ko ƙwan fitila, ka matsar da butar shayi da yara taki biyu.

Dokar wasan gajeriya ce. Ka kai ƙwallo rami da bugu mafi ƙaranci. Kowane rami yana da adadin bugun da aka yanka masa, shi ake kira par, uku ko huɗu ko biyar. A Wii Sports ramuka tara ne, an kasa su uku-uku daga masu sauƙi zuwa masu wuya, jimillar par ɗinsu 36. Mutum huɗu suna iya wasa da manet guda, ana miƙa wa juna, kuma bayan bugun farko wanda ƙwallonsa ya fi nisa da rami shi ke bugawa. Sabon shiga ya tsaya a ukun farko har sati guda, kada ya yi gaggawa.

To ga tsayuwa. In kai badame ne, ka ba talabijin kafaɗarka ta hagu, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗu, gwiwa ta ɗan saki. Bahago ya faɗa wa na'urar tun wajen zaɓen ɗan wasa, sannan ya juya ɗaya gefen. Ka riƙe manet da hannu biyu, bakinta na kallon ƙasa tsakanin ƙafafunka, babban yatsa kusa da maɓallin A amma kada ka danna. Ka ja hannu baya a hankali, ka dawo da shi gaba ya wuce har sama. Ka tuna yadda guga ke lilo a bakin rijiya in an sake ta: tafiya ɗaya ce sumul, ba fizga.

Nan ne sirrin yake, kuma nan mutane ke tsallakewa. Muddin ba ka danna A ba, duk lilon da ka yi gwaji ne, ba a ƙirga shi. Ma'aunin ƙarfi da ke gefen allo zai tashi ya nuna maka inda hannunka ya kai. A jikin ma'aunin akwai ɗige-ɗige, a ƙaramar taswirar da ke ɗaya gefen ma akwai ɗige-ɗige kan layin da ƙwallo zai bi, kuma sun dace da juna. In tutar rami tana kan ɗigo na uku a taswira, to ɗigo na uku kake nema a ma'auni. Ka gwada sau uku, sau huɗu, har hannunka ya riƙe wannan nauyin, sannan ka danne A, mutumin allo ya matso ga ƙwallo, ka maimaita abin da ka yi yanzun nan ba ƙari. Yatsa ya zauna kan A har lilon ya ƙare. In ka zarce ƙarshen ma'auni zai yi ja ya kama karkarwa, ƙwallo kuma ya kauce dama ko hagu, cikin itatuwa ko ruwa. Bugun da ya tsaya kaɗan ƙasa da cika ya fi wanda ya zarce, nesa ba kusa ba.

Wasu samari sun gano cewa ko a zaune, da ɗan karta wuyan hannu, ma'auni yana cika. Gaskiya ne yana cika, amma ba ya maimaituwa: yanzu rabi, an jima ja. Ni ba na so, kuma ban taɓa ganin mai yin haka ya gama ramuka tara da maki mai kyau ba.

Sandunan buga ƙwallo huɗu ne, ana sauya su da sama da ƙasa na maɓallin gicciye, dama da hagu kuma na saiti ne. A fadarmu mun raɗa musu suna. Doguwa ita ce ta bugun farko, tana kai ƙwallo nesa kuma yana gangarawa sosai bayan ya sauka. Ƙarfe na matsakaicin nisa ne. Ludayi yana ɗebo ƙwallo sama ya dire kusan inda ya faɗi, shi ne na kusa da rami da na fita daga rairayi. Tsintsiya kuma ta kan dandalin rami ce, wato filin gajeriyar ciyawa da ke kewaye da ramin. Na'urar tana zaɓar maka sanda da kanta, yawanci daidai, sai dai ba ta lissafa iska.

Iskar tana sama a kusurwar allo, kibiya da lamba. Ɗigon taswira yana nuna inda ƙwallo zai sauka ne in babu iska, saboda haka lissafin naka ne. In tana busowa daga dama, ka karkata saiti dama ta dawo maka da shi. In tana gabanka ka ƙara ƙarfi ko ka ɗauki sanda mafi tsawo, in tana bayanka ka rage. Bugun ludayi da ke tashi sama ya fi shan iska. Duk wanda ya tuƙa babur a hanyar Dan Isa cikin hunturu ya san yadda iskar gefe ke tura mutum, hakan take yi wa ƙwallo. In ka faɗa doguwar ciyawa ko rairayi, ma'aunin yana gajarcewa, ja yana zuwa da wuri. Kada ka nemi rami daga nan, ka fito da ƙwallo fili kawai. Ruwa kuwa bugu ɗaya ake ƙara maka na tara.

Dandalin rami shi ne inda ake ci kuma ake faɗuwa. Mutum zai kawo ƙwallo da bugu biyu masu kyau, sannan ya ɓata huɗu yana kewaya rami. Iska ba ta aiki a nan, gangara ce ke aiki. Maɓallan 1 da 2 suna nan don wannan: ɗaya yana fito da tudu da kwarin dandalin, ɗaya yana sauya inda kake hangowa. Wuri mai haske tudu ne, mai duhu kwari, ƙwallo kuma kullum duhu yake bi, kamar ruwan sama da ke neman Gulbi. In haske na damanka, ka saita dama da rami kaɗan, gangara ta kawo shi. In hawa za ka yi ka wuce ɗigon kaɗan, in sauka ce ka tsaya ƙasa da shi.

Kawuna ne ya nuna mini wannan da kyau, ranar da ya fara riƙe manet. Shekararsa ta haura sittin, manomi ne, hannunsa kamar icce. Bugun farko ya yi ja, na biyu ma ja. Da muka iso dandali na ce, "Kawu, a nan ba a ɗaga hannu, kafaɗa kawai ke motsi." Ya tattare hannun rigarsa, ya sunkuya, ya yi gwaji har sau biyar yana kallon ma'auni ba ya ko ƙiftawa. Ya ce, "Ɗana, ashe awo ne, kamar zuba iri a rami." Ya danne A, ya ja baya kamar tsawon tafin hannu, ya tura. Ƙwallon ya bi gefe, ya lanƙwaso a hankali, ya faɗa. Zaure ya ɗauki sowa har mai shayi ya bar butarsa ta tafasa ta zube. Abin da ya yi daidai shi ne wuyan hannunsa bai karye ba, kuma bai tsayar da hannu a kan ƙwallo ba, ya bar shi ya wuce. In ka yi a hankali ƙwarai har manet ba ta ji ba, kada ka fusata ka fizga. Ka saki A, ka sake gwaji, ka ɗan tsawaita jan baya.

Akwai wurin horo a cikin faifan, da darasi uku na golf: jefawa rami, saukar da ƙwallo kan dandali, da harbin alama. Minti goma a na farkon kafin baƙi su zo yana rage maka bugu fiye da komai.

Wanda ya samu Wii Sports Resort na 2009 zai tarar da ramuka 18 da wani ƙarin hukunci. Shi sai da MotionPlus, ɗan abin da ake jonawa a gindin manet, ko manet mai shi a ciki, kuma yana jin murɗawar wuyan hannu. In ka murɗa lokacin bugu, ma'aunin da kansa zai lanƙwashe, ƙwallo ya bi shi. Farkon wasa za a ce ka kifa manet a wuri mai lebur ta daidaita. Kan tebur ko siminti za ka ajiye ta, ba kan katifa ko cinya ba. Kafin kowane bugu kuma ka nuna bakinta ƙasa ka danna B don ta san tsayuwarka. Masu Switch, wata na'urar Nintendo da ta fito bayan Wii, su ma an ƙara musu golf a Nintendo Switch Sports a Nuwamba 2022, da ramuka 21, kuma hannun da ya koya a Wii ba ya shan wahala a can.

In ka kai rami na tara a tsohon faifan, wanda ruwa ya kewaye tsibiransa, zuciya za ta ce ka tsallake da bugu ɗaya mai ƙarfi. Par ɗinsa biyar ne, kana da sarari. Ka dubi iska, ka sauka tsibiri na kusa, ka sake gwaji, sannan ka haye na gaba. 'Yata haka take bin sa, kuma makon jiya da bugu biyar ta gama shi, ƙanena da ya nemi tsallakewa ya sha ruwa sau biyu ya tashi da tara.