Jera kaya bisa farashinsu a Python: wuraren da ake yawan tuntuɓe

A ce kana da jeri biyu, ɗaya na kayan abinci, ɗaya na kuɗin kwano:

kaya = ["wake", "masara", "shinkafa", "gero"]
farashi = [900, 700, 1500, 900]

Kana so kayan su fito daga mai araha zuwa mai tsada. Aikin layi ɗaya ne, amma masu koyo da yawa a nan suke zamewa. Abin da ya fi damuna shi ne, yawancin kurakuran ba sa sa kwamfuta ta yi ƙorafi. Sai ta ba ka amsar da ba daidai ba, kai kuwa ka ɗauka an gama.

Mafi yawa shi ne a jera kowane jeri shi kaɗai. Kaya su bi haruffa, farashi ya bi lamba, sai ka ga gero ya koma 700, wake ya haura 1500. An raba kowane kaya da kuɗinsa. Maganin shi ne a ɗaure su tare da zip kafin a jera.

To amma ko wanda ya san zip yakan faɗa wani ramin, idan ya rubuta haka:

sorted(zip(farashi, kaya))

Wake da gero duk 900 ne. Da Python ya ga an yi kunnen doki, sai ya koma kan sunaye don raba gardama, gero ya shige gaban wake alhali wake ne farko a jerinka. Da sunaye ne abin da sauƙi. Idan kayan naka ƙamus ne, wato dict, babu yadda za a ce wannan ya fi wancan, sai saƙon kuskure na TypeError ya fito. Kuma ba zai fito ba sai ranar da farashi biyu suka zo ɗaya, wataƙila bayan manhajar ta daɗe tana aiki lafiya lau. Saboda haka ka faɗa wa Python ƙarara abin da zai duba:

[k for f, k in sorted(zip(farashi, kaya), key=lambda t: t[0])]

Yanzu farashi kaɗai ake aunawa. Dabarar jerin da Tim Peters ya rubuta wa Python a 2002 ba ta sauya matsayin abubuwan da suka yi daidai, don haka wake zai ci gaba da zama gaban gero. Ko ka sa reverse=True don a fara daga mai tsada, haka abin yake.

Akwai masu bi ta index, mai faɗin matsayin abu a cikin jeri, don nemo farashin kowane kaya. Ban ba da shawarar haka ba. Idan shinkafa ta fito sau biyu, 'yar gida da 'yar waje, index na farkon kawai yake gani, duka biyun su ɗauki kuɗi ɗaya. Ga kuma jinkiri, domin kowane kaya sai an sake bin jerin tun daga farko.

Shi ma zip yana da nasa halin: idan wani jeri ya fi wani tsawo, yanke ragowar yake yi shiru. Tun daga Python 3.10 ana iya ƙara strict=True, sai ya tsaya da ValueError maimakon ya zubar maka da kaya.

Ka kuma lura da farashin da aka karanto daga fayil ɗin CSV. Rubutu ne, ba lamba ba. A wajen rubutu "1500" yana gaban "700", tunda 1 ta riga 7, sai shinkafa ta zama mafi araha. Mayar da su lamba da int tukuna.

Wanda ya rubuta sabo = kaya.sort() kuwa None zai samu, domin sort a wurin yake gyara jerin, sorted ne ke dawo da sabo. Masu aiki da NumPy, kayan aikin lissafi na Python, su sa kind="stable" a cikin argsort, umarninsa na jerawa, don idan ba a sa ba, babu tabbacin wake zai riga gero.