Darasi na Bakwai: Tsutsa a Cikin Kifi, A Ci Ko A Zubar?

Duk wanda ya saba feɗe tarwaɗa ya taɓa cin karo da ita. Ana tsaga ciki, a jawo hanji, sai ga 'yan tsutsotsi farare sun nannaɗe a jikin kitse da hanta, kamar guntayen zaren ɗinki. Ka taɓa su da bakin wuƙa, sai su motsa. Wani lokaci a cikin tsoka ake samun wata ja, doguwa, ta dunƙule cikin ɗan ƙullutu. A karfasa kuwa an fi ganin wata gajera, rawaya, maƙale a ƙarƙashin murfin kunne, wajen da kifi ke numfashi. Nan take uwargida kan ce, "Tir! Mai kifin nan ya cuce ni."

Sau da yawa bai cuce ta ba. Da tsutsar kifin ya fito daga ruwa, tun yana da ransa.

Ga yadda abin yake. Tsuntsaye masu cin kifi, irin su zalɓe, su ne gidan tsutsar na asali. A cikinsu take girma ta yi ƙwai. Tsuntsu ya yi kashi a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin dodon koɗi ko wasu ƙananan halittun ruwa, daga nan su isa ga kifi. Zalɓe ya sake cafke kifin, tsutsa ta koma gida. Haka ake yi a Tafkin Chadi, haka a dam ɗin Tiga da na Kainji, haka a fadamun Haɗeja da Nguru. Babbar tarwaɗa ta fi tara su, don ta daɗe tana haɗiyar ƙananan kifaye. Kifin kiwo da ake ba abincin buhu bai cika samunsu ba.

Kifin ƙanƙara da ake kawowa daga teku, irin su taitus da shawa, shi ma yana da tasa, ana ce mata anisakis. Idan mutum ya haɗiye ta da rai, takan kama bangon ciki, ta jawo murɗa mai tsanani da amai cikin 'yan sa'o'i. A ƙasar Holan likitoci suka fara bayyana cutar a 1960, wajen masu cin ɗanyen shawa, har a 1968 aka yi dokar daskarar da kifin kafin a sayar. A Japan, inda ɗanyen kifi abincin yau da kullum ne, har yanzu ana fama da ita. Mu dai Allah ya rufa mana asiri, ɗanyen kifi ba ya cikin abincinmu.

To, a ci ko a zubar? A ci, muddin kifin lafiyayye ne kuma ya dahu sosai. Wuta ce maganin tsutsa. Masana sun ce idan zafin tsakiyar tsoka ya kai digiri 63 a ma'aunin Celsius, ba wadda za ta rayu. Ba kowa ke da ma'auni a madafa ba, saboda haka a duba da ido: tsokar ta yi fari fat har ciki, tana rabuwa da ƙaya cikin sauƙi, babu ja ko danshin jini a jikin ƙashin baya. Kifin da ya tafasa a miya ko farfesu ya wuce wannan zafin nesa ba kusa ba.

Inda ake samun kuskure shi ne gashi. A ɗora ƙatuwar tarwaɗa a kan garwashi mai ƙarfi, fata ta ƙone, mai saye yana gaggawa, a sauke alhali cikin bai nuna ba. A tsattsaga jikinta kafin a ɗora, a rage wuta, a yi haƙuri. Haka ma suya: yanka mai kauri yakan yi ja a waje, ciki da saura. Gishiri, yaji da lemon tsami daɗi suke ƙarawa, ba sa kashe tsutsa. Sanyi yana kashewa, amma sai ya kai digiri 20 ƙasa da sifili na tsawon kwana 7 ba yankewa. Da irin wutar lantarkinmu, kada kowa ya dogara da firizar gida.

Masunci kuma ya feɗe kifinsa da wuri, domin bayan kifi ya mutu wasu tsutsotsin kan bar hanji su kutsa cikin tsoka. A cire waɗanda ido ya gani, a yanke wurin da ƙullutu yake, a wanke wuƙa da hannu da sabulu. Kayan cikin a binne su. Wanda ya watsa su a bakin ruwa ya yi wa zalɓe walima, ya kuma mayar da tsutsar inda ta fito. Idan tsoka ta cika da su ko'ina, a haƙura da kifin.

Abin da ya fi tsutsar ruwa haɗari shi ne ruɓa. Ido ya faɗa ciki, kunne ya koma ruwan toka, ka danna tsoka da yatsa ta lotsa ba ta dawo ba, ga wari. Wannan zubarwa za a yi. Taitus da ya daɗe a zafi yakan tara wata guba da ko tafasa ba ta kashe ta.

Sai kuma tsutsar ƙuda, wadda ke fitowa a kifin banda da bai bushe sosai ba. Ita ba daga ruwa take ba, daga sakaci take. Don gudunta, da gudun ƙwarin da ke cinye busasshen kifi, wasu 'yan kasuwa marasa tsoron Allah kan fesa piya-piya ko wani maganin ƙwari a kan kayansu. Hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna, ta sha gargaɗi a kan zuba maganin ƙwari a abinci, domin guba ce, kuma girki ba ya ba da tabbacin ta fita. Ki sunsuna kafin ki biya kuɗi. Idan kin ji warin magani, ki ajiye masa abinsa, kome arahar da ya yi miki. Wanda kika saya kuma, ki jiƙa shi a ruwan zafi da gishiri, ki ɓare, ki duba ciki kafin ya shiga tukunya.

Wasu na cewa cin kifi ke kawo tsargiya. Ba haka ba ne. Tsutsar tsargiya ta fata take shiga lokacin da mutum ke cikin ruwa, wajen su, wanka ko wanki. Masuncin da ya ga jini a fitsarinsa ya nufi asibiti, akwai magani.

Tambayoyi

1. Ta yaya tsutsa ke barin jikin zalɓe ta isa ga tarwaɗa?
2. Me za ka duba don ka san gasasshen kifi ya nuna har ciki?
3. Rubuta sunayen kifaye biyar da ake kamawa a yankinku.